Ɗan Aiken da Aka Rufe wa Baki

Zuwa ga Yaya Mai Gilashi,

Assalamu alaikum. Yaya ina gaishe ka da kyau, ya aiki, ya zaman baƙunta, ya idon? An ce an ƙara wa gilashinka kauri, Allah ya sa dai ba bibbiyu kake ganin mutane ba. Ni ce autar Gwaggo, jikar ƙanwar kakarka. Mu nan lafiya, alhamdu lillahi.

Anti ce ke rubutawa a wayarta, maƙwabciyata ta ƙofar da ke kallon tamu, wadda ke wanki da guga a gidan tsofaffi. Can take kwana, ranar hutunta kawai take dawowa, to duk abin da ka aiko sai ta zo za ta karanta mini. Tawa wayar tun da ta faɗa bahon wankan yaro ba ta sake magana ba. Na ce wa Anti ta rubuta yadda na faɗa, ta ce dama ba ta da lokacin gyara mini zance.

Maigida har yanzu suna teku. Kafin ya tafi ya gyara ƙofar banɗaki, ya sauya mana kwamfuta don tsohuwar ta fara ƙauri tana mutuwa da kanta, mai gyara ya kwashe komai na cikinta ya zuba a wata, ya kuma rataya labule saboda ranar da ke dukan gadon yaro. Labulen bai kai ƙasa ba, amma ban faɗa masa ba.

Ɗan Kwalba yana nan. Sunan ya ƙi sakinsa, duk wanda ya san bakwaini ne ya kwanta a kwalbar asibiti haka yake kiransa, har ni uwarsa. Kullum da safe ina yin yadda ka koya mini ranar da ka biyo ka haɗa mana kayan nan. In tuɓe shi, in ɗora shi a sikeli, in danna maɓallin da ka liƙa wa ɗan ƙyalle. Sai kore ya cika fuskar kwamfutar ya yi ɗan kukan nan nasa. Ka ce in kore ya fito, ɗan aiken da ka rubuta a cikin kwamfutar ya kai awon ta imel wurin doguwar nas ɗin nan ta asibiti. Ita kuma ta ce in ta ga abin da bai yi mata ba za ta turo mai ziyara ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, in ba a ƙwanƙwasa ba to lafiya ke nan. Ba a ƙwanƙwasa ba.

To Yaya ga abin da ya sa na tare Anti ko takalmi ba ta cire ba. Kunyar faɗa nake ji, kada ka yi mini dariya. Majanyin da nake goya shi ne. Da in na ɗaure, bakin da ke ragowa bai wuce tafin hannuna ba. Yanzu yana ragowa har ina ƙara ƙulli. Anti ta ce ni ce na rame, kuma yana yiwuwa, don ba kullum nake tuna ci ba. Amma in na ɗauke shi sai in ji kamar na ɗauki tsummansa shi ba ya ciki.

Ka san ni ban san lamba ba, abin da sikeli ke rubutawa ƙananan tsutsotsi ne a idona. Anti ta duba na yau ta faɗa mini, amma ba mu san na jiya ba balle na wancan makon, to da me za mu gwada shi? Asibitin kuma in na je ba na jin yarensu, sai in tsaya ina murmushi kamar wadda aka aiko ta manta saƙo.

Tambayata ɗaya ce. Shirun nan nasu na lafiya ne? In ka ce na lafiya ne zan kama bakina.

Ƙanwarka, Auta.

Ni Anti na ce a gaishe ka. Yarinyar nan ta hana ni shiga ɗakina da kaya a hannu, ka ba ta amsa mai kwantar da hankali.

*

Zuwa ga Auta uwar tsoro,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ido ma lafiya, ke ɗaya nake gani kuma kin ishe ni. Ki gaida Anti, ki ce na gode da aron yatsunta. A tsaye na karanta wasiƙarki a bakin ƙofar wurin aiki, yanzu ma a tsaye nake amsawa, aiki ya sha mana kai.

Maganar labule ta ba ni dariya. Ki ce wa mutumin teku in ya dawo ya auna taga kafin ya je kasuwa.

Game da yaro, ki kwantar da hankalinki. Da hannuna na rubuta ɗan aiken nan, na gwada shi a gabanki, doguwar nas ta ce ta ga saƙo. In kin ga kore, awo ya tafi. In awo ya tafi suna gani kullum, kuma su suka san aikinsu, ba ni ba, ba ke ba. Da akwai matsala da tuni kin ji ƙwanƙwasa. Majanyi kuwa zane ne, yana saki in ya sha wanki, tambayi Anti, sana'arta ce.

Ki ci abinci, ki sha ruwa, ki yi barci in ya yi. Tun kina yarinya haka kike, in ƙadangare ya kalle ki sai kin kai ƙara wurin Gwaggo. Ki shafa mini kan Ɗan Kwalba.

Yayanki.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aikin da ya sha muku kai, Allah ya sauƙaƙa. Anti ta dawo ta karanta mini wasiƙarka har sau biyu. Na ji, kuma na ji kunya. Maganar ƙadangare ba sai ka faɗa a gaban Anti ba, yanzu ga shi ta samu abin tsokanata.

Mu nan da sauƙi. Anti, a'a, rubuta lafiya lau.

Yaya na ce zan kama bakina, ka yi haƙuri na kasa. Yana kama nono, ya ja kaɗan sai barci ya ɗauke shi da shi a baki. In na tashe shi ya sake ja kaɗan ya saki. Kunzugunsa da nake wankewa da sun cika igiyar baranda, yanzu rabinta ma ba sa kaiwa. Ba ya kuka sosai, matar bene na sama har cewa ta yi na yi sa'ar yaro mai haƙuri. Ni kuma na fi son ya yi kukan.

Ɗazu Inna, uwar maigida, ta aiko saƙon murya ta wayar Anti tana tambaya ko jikanta yana ƙiba, ko ruwan nonona yana isarsa, don ita a zamaninta har na maƙwabta take shayarwa. Na ce yana ƙiba. Allah ya yafe mini. Me zan ce mata? In ce kwamfuta ta ce lafiya, asibiti sun ce lafiya, Yaya mai ilimi ya ce lafiya, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba na ce a'a? In ma akwai laifi to a jikina yake, shi ya sa ba na son a tona.

Ina sane da wahalar da na ba ka ranar da ka haɗa kayan. Ka tuna da muka gwada na farko jan rubutu ya fito, na fasa kuka na ɗauka cewa yake yaron ba zai rayu ba. Kana ta ce mini ba da yaro yake ba, ban saurare ka ba, na ce ka cire shi ba na son ganinsa a ɗakina. Ka zauna a kan bokitin fenti ka yi ta danne-danne, motarka tana shirin tashi, ka ce shi ke nan Auta, ba za ki sake ganin ja ba. Ban sake gani ba kuwa, na gode.

Ba kuma kushe aikinka nake ba. Sabuwar kwamfutar ma ta fi tsohuwar biyayya. Tsohuwar sai ta yi ta tunani kafin kore ya fito, wannan kafin in ɗauke yatsa ya fito. Wancan hutun Anti ta yi guga a ɗakina don soket ɗinta ya lalace, ta zare akwatin intanet ta soka dutsen guga, muka manta ba mu mayar ba sai yau da ta gani. Duk kwanakin nan kore bai fasa fitowa ba ko sau ɗaya. To ka ga abin naka mai ƙarfi ne, ni ce dai zuciyata ba ta da kyau.

Anti ta ce mu tafi asibiti yanzu. Na ce a'a sai na ji daga gare ka, kada in je in kunyata ka a wurin nas, ta ce danginsu sun kawo na'ura kuma ba su yarda da ita ba. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Auta.

Ni Anti. Ban san kan waɗannan abubuwa ba, wanki na sani. Amma abin da babu intanet, ta wace ƙofa yake fita? Motar aikina ta kusa tashi, na yi na yi da ita ta ƙi.

*

Anti, don Allah duk inda kike ki buɗe wannan yanzu.

Auta, ki ɗauki yaro ki tafi asibiti. Kada ki jira safiya, kada ki auna shi, kada ki tsaya neman mai jin yare. Ki miƙa shi kawai, za su gani da idonsu.

Babu awon da ya tafi. Tun ranar da aka sauya kwamfuta babu ko ɗaya da ya isa wurin nas. Kin faɗa mini a wasiƙarki ta farko an sauya, yanzu na koma na gan shi tsakanin ƙofar banɗaki da labule. Na ga labulen na yi dariya, na tsallake wancan.

Ga abin da ya faru, ki ji shi daga bakina. Abin da na rubuta ba shi ke kai wasiƙa da kansa ba. Yana haɗa ta ne ya miƙa wa wani mai kai saƙo da ke cikin tsohuwar kwamfutar. Sabuwar wata iri ce daban, babu wannan mai kai saƙon a cikinta. Mai gyara ya kwaso nawa, bai san yana da abokin aiki ba, kuma ba laifinsa ba ne, ni ne na rubuta shi kamar duk kwamfutocin duniya iri ɗaya ne da waccan. Kullum da safe yana miƙa wasiƙa babu mai karɓa.

Da ya kamata ya faɗa miki. Jan rubutun nan aikinsa ke nan, ya ce saƙo bai tafi ba. Ranar da kika yi kuka na gyara abin da ya kawo jan, sannan na ƙara wani abu da ban faɗa miki ba. Na sa duk abin da ya faru, ya tafi ko bai tafi ba, ya nuna kore. Na ce a raina in na isa zan zauna in yi shi yadda ya dace. Ban zauna ba. Na rufe masa baki na tafi, sannan na rubuto miki na ce ki yarda da shi.

Ba ni da lambar Anti, wannan adireshin kawai nake da shi. Na rubuta wa asibitin, amma adireshinsu da ke hannuna na karɓar awo ne, na'ura ce ke buɗewa. Ta dawo mini da wasiƙata nan take ta ce ba ta gane ba. Tasu ta fi tawa gaskiya.

Ba jikinki ba ne, ba zuciyarki ba ce. Ki tafi.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ka fara jin wannan tukuna, yana raye. Muna asibiti, a ɗakin yara, gado na kusa da taga. An sa masa ƙarin ruwa a hannu da siririyar roba ta hanci. Ina fata kana lafiya. Anti ta ce ka yi ta aiko wasiƙu a jere kana tambaya, ka yi haƙuri, can wurin aikinta babu intanet na ma'aikata, sai da ta sauka daga mota a bakin layinmu suka shigo mata gaba ɗaya.

Akwai abin da zan faɗa maka, kuma Anti ma yanzu za ta fara jinsa. Kafin ta dawo na je asibitin nan ni kaɗai. Da safe ne, na taɓa maɗigarsa na ji ta faɗa kamar an danna da yatsa. Na auna shi, kore ya fito. Na zauna ina kallon koren ina kallon kansa. Sai na goya shi na fita, na hau mota na sauka, na shiga har bakin ƙofar gilashin nan ta ɗakin awo. Doguwar nas tana ciki da wata mata. Ta ɗago ta gan ni, ta yi murmushi ta ɗaga mini hannu. Yaya sai na ce a raina ai ga shi nan, tana ganin awonsa kullum, da akwai wani abu da ba ta yi murmushi ba. Me zan shiga in ce, da wane baki? Na ɗaga mata hannu ni ma, na juya na koma gida da shi a bayana.

Anti ta daina rubutu tana kallona. Rubuta, Anti, haka aka yi.

Washegari ne ta faɗo ɗakina ko sallama babu, waya a hannu. Ba ta karanta mini duka ba, ta ce ɗauko shi, sauran a mota. A mota ta karanta. Da ta zo wurin da ka ce babu ko ɗaya da ya tafi, na ji kamar an zare kujerar da nake kai.

Da nas ta kwance shi ta ɗora a nasu sikelin, murmushin nan ya tafi. Ta buɗe fayil ɗinsa a kwamfutarsu, Anti tana fassara mini. Awo yana nan a jere har zuwa lokacin tafiyar maigida, daga nan fili. Ta ce tasu na'urar tana kiran su ne in awo ya zo da muni, in bai zo ba sam ba ta cewa komai. Ta ɗauka mun koma yin awo a ƙaramin asibitin unguwa kamar yadda wasu ke yi. Ta rufe fuskarta da hannu. Sannan ta tambaye ni, jiya da na gan ki me ya hana ki shigowa? Anti ba ta san da maganar ba, ta ɗauka nas ta ruɗe ne da wata, ta ce ba ita ba ce. Ni kuma na sunkuyar da kai na bar ta a haka.

Likita ya ce ƙarfin tsotso ne ba shi da shi, yana gajiya kafin ya ƙoshi, kuma hakan na faruwa da bakwaini. Ruwan nonona yana nan. Sun ba ni wani abin tatsa, na cika kwalba har nas ta ɗaga ta tana nuna wa abokiyar aikinta. Na so a ce Inna tana wurin, sai kuma na tuna abin da na faɗa mata. Likitan ya ce da mun ƙara jinkiri da maganar ta zama wata. Bai faɗi wace ba, Anti ma ba ta tambaya ba.

Ka ce kai ka rufe wa ɗan aiken baki. To wa ya ce ka rufe? Ni ce na yi ta kururuwa a kanka motarka tana jira. Kada ka ɗauke duka kai kaɗai, ka bar mini nawa.

Yanzu ya buɗe ido yana kallon robar hannunsa kamar zai tambaye ta daga ina.

Auta.

*

Zuwa ga mahaifiyar yaro,

Na ji. Allah ya ƙara masa lafiya.

Na sake rubuta abin daga farko, yana haɗe da wannan wasiƙa. Anti ta kai wa mai gyara ya saka, na rubuta masa bayani daban.

Yanzu kafin ya yi komai yana duba irin kwamfutar da yake ciki da mai kai saƙon da ke nan. In bai sami na farko ba ya nemi na biyu. In babu kowa ya tafi da kansa har wurin masu karɓar imel, ya miƙa, ya tsaya sai sun amsa. Ko an sake sauya kwamfuta zai yi aiki.

Kala uku ne. Kore ba ya fitowa sai can sun ce sun karɓa. Rawaya na nufin bai samu hanya ba, ya ajiye awon zai sake gwadawa da kansa. Ja na nufin ya gwada ya kasa, ranar nan asibiti ba su ga komai ba, sai a kai yaron ko a nemi wanda zai faɗa musu. In ja ya fito zai faɗi dalili da murya, ko akwatin intanet ne, ko wayar sikeli, ko can ne suka ƙi karɓa. Zai kuma faɗa da baki ko awon yau ya fi na jiya ko ya ragu, ba sai an karanta lamba ba. Duk safiya ana aiko mini kwafi, ranar da ban gani ba zan kira lambar Anti da ta asibiti, yanzu ina da su. Nas ma ta ce ta sa a riƙa duba masu shiru.

Na gwada shi a kwamfutoci iri-iri na wurin aikinmu. Na zare intanet, na zare sikeli, na ba shi adireshin ƙarya, duk ya faɗi gaskiya.

Kore yana nufin an karɓa ne kawai. Ba ya nufin an karanta, ba ya nufin yaro lafiya. In ido ya ga wani abu, a bi ido.

Muryar da ke ciki tawa ce don ban sami wata ba. In ba a son jin ta a faɗa mini, zan nemi wani ya yi. In ma ba a son abin gaba ɗaya, na fahimta.

Mai Gilashi.

*

Zuwa ga Yayana, ko ya so ko bai so ba,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ya aiki, ya ido, ya cin abinci? Ka ga yadda ake fara wasiƙa ko ka manta? Anti ta karanta mini taka ta juya wayar tana neman gaisuwa a baya. Wace ce mahaifiyar yaro? Wa ake ce wa a faɗa mini, a kai yaron? Ni ce fa Auta ta ƙadangare. Na yi ta jira ka sake rubutowa ka yi shiru, to ni yanzu ba na yarda da shiru.

An sallame mu, muna gida. Ina ba shi nono, in ya gaji in ƙarasa masa da wanda na tatsa a ɗan kofi. Ya koyi kuka, matar bene na sama ta daina cewa na yi sa'a. Na aika wa Inna saƙo na ce wancan karon ba gaskiya na faɗa ba, yaron ya rame har an kwantar da shi. Ta yi faɗa, ta yi kuka, sannan ta ba ni labarin yaran maƙwabtan da ta shayar tun daga farko. Nas ma na koma wurinta da Anti na ce ni ce ta gani ranar nan. Ta riƙe hannuna, mu biyu muka rasa wanda zai kalli wani.

Mai gyara ya saka abin. Ya ce in gaya maka bayaninka ya fi abin da kansa tsawo.

Safiyar farko kore ya fito bayan ya ɗan yi tunani, sai na ji muryarka ta ce ya ƙaru. Na waiga ina neman ka a bakin ƙofa. Haka aka yi ta yi, ya ƙaru, ya ƙaru, wata rana ya ce yana nan yadda yake. Amma Yaya duk da haka in kore ya fito ba na yarda da shi. Ai wancan ma kore ne.

Anti wannan kada ki rubuta. To rubuta, ai kin riga kin fara.

Shekaranjiya na zare akwatin intanet da hannuna. Na ɗora shi a sikeli na danna. Rawaya ya fito, na zauna a ƙasa na rungume shi ina jira. Can sai ja ya cika fuskar. Na ji kukan yana tasowa kamar wancan karon. Sai muryarka ta ce, Auta, wannan jan ba na yaro ba ne, nawa ne, awo bai tafi ba, duba akwati. Ashe ka iya kiran sunana, sai a wasiƙa ne kake yi mini mahaifiyar yaro. Na tashi na mayar da akwatin, na tsaya har fitilunsa suka kama, kore ya zo. Ranar ce na fara yarda da shi.

Na gaya wa Anti duk ranar hutunta in ta zare akwatin, kafin ta soka dutsen guga, zan danna in ga jan sau ɗaya. Ta ce ni da kai duk ba mu da lafiya, a jini ne. In ka ga kwafinka ya makara a irin wannan rana kada hankalinka ya tashi, ni ce. Ko da yake in ma ya tashi ka kira, ba laifi, ka ji yadda jiran ƙwanƙwasa yake.

Majanyin yau da kyar na samu bakin da zan yi ƙulli na biyu. Ban ce komai ba, na dai faɗa maka.

Muryar kada ka sauya ta. Jan ma ka bar mini shi yadda yake, ko na yi kuka kada ka saurare ni. Kuma wasiƙa ta gaba ka fara da gaisuwa, Anti ta ce in babu ba za ta karanta ba.

Ƙanwarka, Auta, da Ɗan Kwalba yana jan gefen wayar.